Matar nan ta BBC ba korarta aka yi ba, dan Allah ku gyara

Malam Edita, assalamu alaikum, ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a, ya sauran ma'aikatan gidan naku, Allah ya ƙara basira amin. Daga Garwa nake rubuto maka nan arewacin Kamaru, jaridarku dai ba ta iso mana a takarda, a waya muke karantawa in rezo wato netwok ya yarda kuma akwai kuran wato wutar lantarki, to amma muna bin ku sosai fiye da yadda kuke zato, har ƴan uwanmu na Marwa da Kusseri da Ngaundare muna tura wa juna. Abin da ya sa na ɗauko waya yau shi ne ɗan guntun labarin nan da kuka sa kan shugabannin BBC biyu da suka bar aiki, kuka rubuta cewa wai an kori shugaban BBC da wata mata saboda sun yi wa Trump ƙarya, shikenan kuka wuce zuwa labarin ƙwallo. Haba Malam Edita. Wata mata? Ko sunanta ba ku sa ba fa. Kuma ba korarsu aka yi ba, su da kansu suka ajiye aiki ranar Lahadi 9 ga Nuwamban 2025, shi Tim Davie babban darakta, ita kuma Deborah Turness shugabar sashen labarai gaba ɗaya, wato ita ce uwar ɗakin duk wani mai karanta labarai a gidan har da sashen Hausa da muke kunnawa kullum safe kafin mu fita nema. Eh matsin lamba ne ya kai su ga haka ba wanda ya musa, amma ku faɗi abin yadda ya faru mana.

Ni ba ɗan jarida ba ne, montaj nake yi, bidiyon biki da suna da wa'azi da taron siyasa duk wanda ya kawo in dai zai biya, amma saboda sana'ar tawa yanke hoto da haɗa murya ce shi ya sa labarin matar nan ya tsaya min a rai, kuma ina ganin ku da kuke aikin edita ya fi kamata ku tsaya a kansa fiye da ni.

An haife ta a 1967, ta karanta Faransanci da Turanci a jami'ar Surrey a Ingila, daga nan ta tsallaka Faransa ta yi karatun jarida a Bordo, kaga kenan a Faransanci ƴar gida ce, da za ta sauka a Garwa ba ta buƙatar tafinta. Ta fara aiki da kamfanin ITN mai haɗa wa tashoshin talabijin na Birtaniya labarai a 1988 a ofishinsu na Paris, kuma ba a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya ba, irin aikin nan na a kira ka in akwai aiki a biya ka in an gama. Furodusa ce, wato mai tsayawa bayan kamara, ita ke neman wanda za a yi hira da shi, ita ke neman mota da layin aika hoto, ita ke zama da mai montaj har a gama, sunanta ba ya fitowa fuskarta ba ta fitowa. Ta yi aiki a ofishinsu na Washington, ta riƙe labaran tashar Channel 5, sai a 2004 aka ba ta editan ITV News tana da shekara 37, mace ta farko da ta riƙe editan labaran babbar tashar talabijin a Birtaniya. Duk wannan tafiyar ba a gaban kamara ta yi ta ba, shi ya sa mutanenmu da yawa ba su taɓa jin sunanta ba sai ranar da ta tafi, mu dai masu karanta labarai muka sani da muryoyinsu, har muna sa wa yara sunayensu.

To amma mai karanta labarai ba shi ke zaɓar abin da zai karanta ba. Labaran tele na dare rabin awa ne ko ƙasa da haka in an cire talla, duniya kuwa a wuni guda ta haifi labari ɗari, wa zai ce wannan shi ne na farko wannan na biyar wannan kuma a jefar, wa zai ce hirar minti arba'in a ɗauki sakan ashirin daga nan ba daga can ba, wa zai ce a jira kar a sa tukuna sai an sami shaida na biyu ko da abokan gasa za su riga mu? Edita ne. Kamar sarkin pawa ne a kasuwa, in aka sayar wa jama'a mushe shi za a kira fadar lamiɗo ko da ranar bai taɓa wuƙa ba, kuma ba zai ce ai yaro ne ya yanka ba.

Bari in ba ka abin da ya ɗaga sunanta, dan a san ba a banza ta kai inda ta kai ba. Ranar 7 ga Yulin 2005 aka tayar da bamabamai a Landan mutum 52 suka mutu, bayan sati biyu ranar 21 ga wata wasu suka sake gwadawa bamabaman ba su tashi ba, gari ya rikice ƴan sanda na neman mutum huɗu ruwa a jallo. Washegari 22 ga wata ƴan sanda suka bi wani saurayi ɗan Burazil mai suna Jean Charles de Menezes, ɗan shekara 27 mai aikin wayarin wuta, suka harbe shi a ka cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Stockwell, alhali ba ruwansa da komai, aiki zai tafi. Labarin da ya bazu a kwanakin farko shi ne wai yana sanye da ƙatuwar rigar sanyi a lokacin zafi, wai ya tsallake shingen tikiti da gudu, wato dai shi ya jawo wa kansa. Kowa ya ɗauka haka ne aka ci gaba da harkoki. Sai a tsakiyar Agusta ITV News ta fito da takardun sirri na hukumar da ke binciken ƴan sanda, ashe rigar jins ce mara nauyi a jikinsa, ashe da katinsa ya wuce shingen kamar kowa yana tafiya a natse, har ya tsaya ya ɗauki jaridar kyauta. Ka duba lokacin fa Malam Edita, ƙasa na cikin tsoro, jama'a na bayan ƴan sanda ɗari bisa ɗari, duk wanda ya taɓa su za a ce yana goyon bayan ƴan ta'adda, mu nan jihohin Arewa Mai Nisa da Arewa na Kamaru mun san wannan yanayin sarai ba sai an yi mana bayani ba. A irin wannan lokacin edita ya ce a sa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ita ce a kujerar. Ni a ganina ko da wannan kaɗai ta yi a rayuwarta ta cancanci a rubuta sunanta ba a ce wata mata ba.

A 2013 Amurkawa suka ɗauke ta ta zama shugabar NBC News, nan ma mace ta farko da ta shugabanci sashen labarai na ɗaya daga cikin manyan tashoshin Amurka. A can ne ta fara ɗanɗanar laifin da wani ya yi amma a kanka zai sauka. Babban mai karanta labaransu na dare Brian Williams, mutumin da miliyoyi ke kallo kullum, ya riƙa ba da labari cewa a yaƙin Iraƙi a 2003 jirgi mai saukar ungulu da yake ciki aka harba da roka, sai sojojin da ke cikin jirgin da aka harba da gaske suka fito a Facebook suka ce malam ba mu gan ka a jirginmu ba fa, jaridar sojoji Stars and Stripes ta ɗauka, magana ta fashe a farkon Fabrairun 2015. Ita ta fitar da sanarwar dakatar da shi wata shida ba albashi, Lester Holt ya hau kujerarsa kuma bai sauka ba sai bayan shekaru goma. Ita ma ba ta tsira lafiya ba dan kamfanin ya dawo da wani tsohon shugaba Andrew Lack ya ɗora a samanta, a 2017 kuma aka matsar da ita zuwa ɓangaren ƙasashen waje lokacin da NBC ta sayi kaso a tashar labarai ta Euronews. Ta koma gida ta shugabanci ITN a 2021, kamfanin da ta fara a matsayin ƴar kira, sai BBC ta ɗauke ta ta kama aiki a Satumban 2022, watan da Sarauniya Elizabeth ta rasu.

Abin da ta fi yin tutiya da shi a BBC shi ne sashen da suka buɗe a Mayun 2023 mai suna BBC Verify, masu tantance hoto da bidiyo da alƙaluma, kuma ba wai su ce maka mun tantance kawai ba, su nuna maka yadda suka yi. Mu mutanen arewacin Kamaru ba sai an koya mana amfanin irin wannan aikin ba dan a kanmu aka fara nuna wa duniya shi tun kafin ma ta zo gidan. Ka tuna bidiyon nan na Yulin 2018 da ya zagaya wayoyi, mata biyu da yara biyu ɗaya goye a baya, masu kaki suka tasa su gaba suka rufe musu ido suka harbe, Allah ya jiƙansu. Kakakin gwamnati na lokacin Issa Tchiroma Bakary, ɗan garinmu ne nan Garwa, ya fito ya ce labarin ƙarya ne, wasu ma suka ce ai a Mali aka ɗauka. Sai masu binciken BBC Africa Eye da abokan aikinsu suka ɗauki layin duwatsun da ke bayan hoton suka ɗora a taswirar tauraron ɗan adam ya zauna daram a kusa da Zelevet cikin Mayo Tsanaga, suka duba gine-ginen da ake da su da waɗanda ba a gina ba tukuna, suka auna inuwar mutanen a ƙasa suka ce tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2015 ne, suka gane irin bindigar. Ƙarshenta a Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma goma, ɗaya shekara biyu. Hukuncin ya yi kaɗan ko bai yi ba wannan wata magana ce, amma ba dan an nuna hujja ƙiri-ƙiri ba da har yau ana cewa Mali ce. To irin wannan aikin ne ta so ta mayar da shi na kullum a ɗakin labarai, kuma na yaba.

Shi ya sa abin da ya kayar da ita ya ba ni haushi ƙwarai, dan a daidai inda take taƙama a nan aka kama gidan. Shirin Panorama, tsohon shiri ne tun shekarun 1950, suka yi na musamman kan Trump aka nuna a ƙarshen Oktoban 2024 sati guda kafin zaɓen Amurka, wani kamfani na waje ne ya haɗa musu. A ciki suka sa jawabinsa na 6 ga Janairun 2021, ranar da magoya bayansa suka afka wa ginin majalisa. A jawabin na asali akwai inda ya ce za mu taka zuwa majalisa mu ƙarfafa wa jaruman sanatocinmu da ƴan majalisa gwiwa, akwai inda ya ce a je cikin lumana, sai can bayan fiye da minti 50 ya zo inda yake cewa a yi faɗa iya ƙarfi. Mai montaj ya ɗauki kan jimlar farko ya yanke wutsiyarta, ya jawo ta can ƙarshe ya liƙa, mai kallo ya ji kamar a numfashi guda mutumin ya ce za mu taka zuwa majalisa ina tare da ku kuma mu yi faɗa.

Malam Edita wannan abin a gabana yake kullum a kan kwamfuta, bari in gaya maka yadda ake yi dan masu karatu su gane ba wani tsafi ba ne. Murya tana fitowa a allon kamar tsaunuka ƙanana a jere, inda mutum ya ja numfashi sai ka ga layin ya kwanta, to a nan ake sa almakashi, ka yanke a numfashi ka haɗa a numfashi kunne ba zai ji komai ba. Matsalar ita ce hoto, dan kan mutum zai yi tsalle, ɗazu yana kallon dama yanzu yana kallon hagu, sai ka ɗauko hoton jama'a suna tafi ko suna ɗaga hannu na sakan biyu ka rufe ɗinkin da shi, shikenan an gama, ko uwar da ta haife shi za ta rantse haka ya faɗa. Kuma yankewa ita kanta ba laifi ba ce, in ba a yanke ba wa zai zauna ya kalli bikin awa shida, amma mai gaskiya in ya tsallake wuri mai nisa a maganar mutum yana barin alama, ko ɗan farin haske ya wulga a tsakani ko a sa muryar mai bayani ta ce daga baya sai ya ƙara da cewa, dan mai kallo ya san an yi tsalle. Kwanaki wani ya kawo min wa'azin wani malami a filashi, ya zauna kusa da ni yana nuna min da yatsa, cire nan, kawo wancan nan, malamin yana kawo maganar wasu ne dan ya rushe ta, ya ce suna cewa kaza da kaza, shi kuma mai aikin so yake a cire suna cewa ɗin a bar kaza da kaza a bakin malam, ya ajiye min sefa dubu goma a kan tebur ya ce aikin minti biyar ne ai. Gaskiyarsa minti biyar ɗin ne. Na tura masa kuɗinsa na ce ya gwada gaba, kuma na san ya samu wanda ya yi masa dan garin ba ni kaɗai ke da kwamfuta ba. Kalma biyu kacal za a cire a haɗa mutum da jama'ar gari.

To abin da ake yi a shagon montaj na kartiye wato na cikin unguwa dan dubu goma shi ne aka samu a ɗaya daga cikin tsofaffin shirye-shiryen BBC, wannan shi ne abin kunyar. Kuma ba ina wanke Trump ba ne, wanda ya saurari jawabin nan gaba ɗaya ya san ba wa'azin zaman lafiya ya yi ba, majalisar wakilai ma ta tsige shi a kan abin da ya faru ranar duk da dai majalisar dattawa ba ta same shi da laifi ba. Abin da ya faɗa da bakinsa ya isa a yi shiri a kai, me ya kai ka ƙara gishiri? Yanzu ga shi ka miƙa masa sanda da hannunka, ya fara da barazanar neman diyyar dala biliyan 1, daga baya ya shigar da ƙara a Florida, kuma duk wani mai mulki a duniya da BBC ta taɓa bankaɗo shi yanzu ya samu abin faɗa, ai kun gani dama ƙarya suke yi. Har a nan na ji wani a majalisar shayi yana cewa to ashe na Zelevet ɗin ma haɗawa suka yi. Ka ji irin ɓarnar.

Ita Turness ba ita ta zauna a kan kwamfutar ba, da wuya ma in ta kalli shirin kafin ya fita dan gidan na fitar da abubuwa ba adadi a harsuna sama da 40. Laifin da nake gani nata shi ne jinkiri. Maganar yankan nan ta taso a kwamitin cikin gida watanni kafin duniya ta ji, ba a fito an ce mun yi kuskure ga gyara ba, aka yi shiru ana ganin zai wuce, sai da takardar wani tsohon mai ba su shawara Michael Prescott ta faɗa hannun jaridar Telegraph a farkon Nuwamba, sati guda ana dukan gidan ba amsa, sannan ta ajiye aiki ta ce alhakin a kanta yake, ta kuma ce zargin da ake yi cewa gidan gaba ɗaya ya karkata ɓangare guda ba gaskiya ba ne. Shugaban hukumar gudanarwa Samir Shah ya nemi afuwa daga baya. Akwai masu cewa dama an daɗe ana haƙonta, ƴan siyasar da ba sa son BBC da jaridun da ke gasa da ita suka samu dama, ina jin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ga kuma rigimar Gaza da ta sha a shekarar ta kowane ɓangare, an janye wani shiri a Fabrairu da aka gano yaron da ke ba da labarin ɗan wani jami'in gwamnatin Hamas ne ba a faɗa wa masu kallo ba, sannan wani shirin kan likitocin Gaza BBC ta ƙi nunawa sai Channel 4 ce ta nuna, waɗannan na cewa ta bi Isra'ila waɗancan na cewa ta bi Falasɗinawa. Duk na ji. Amma in ba rami me ya kawo rami, da sun gyara tun farko da bakinsu a layi biyu da masu haƙon ba su samu abin kamawa ba.

Ni kam in za a tambaye ni babban ƙorafina da zamaninta ba ma Trump ba ne, rediyo ne. A ƙarshen Satumban 2022 tana sabuwar zuwa aka sanar da rage ma'aikata 382 a sashen duniya da rufe rediyon harsuna da dama, ranar 27 ga Janairun 2023 rediyon Larabci ya yi sallama bayan shekara 85, tun 1938 ake jin Huna Landan, wato nan Landan ce da Larabci. Na san za a ce ba ita ta ƙirƙiro ba, kuɗin lasisin talabijin da mutanen Birtaniya ke biya gwamnati ta daskarar da shi shekara biyu, kuma tun 2014 aka ɗora wa wannan kuɗin nauyin sashen duniya wanda a da ma'aikatar harkokin waje ke biya, to amma wanda ke kan kujera shi ke sa hannu. Suka ce wai jama'a sun koma intanet. Wace jama'ar? Su zo Kusseri su tsallaka gadar Ngeli su shiga Njamena su wuce ƙauyukan Larabawan Shuwa su ga dattijo da ƴar rediyonsa mai batir biyu rataye a wuyan raƙumi ko a gindin bishiya, su tambaye shi megabait nawa ya saya yau. Kuma Allah da ikonsa ko wata uku ba a yi ba yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, intanet ya ɗauke, mutane suka kwararo Adre a gabashin Cadi, sai ga BBC ta dawo da gudu tana buɗe shirin rediyon gaggawa na Larabci a gajeren zango saboda Sudan. Ashe dai ana buƙatarsa. Mu masu jin Hausa an bar mana namu da aka fara tun 1957, amma tun ranar gabana ke faɗuwa, dan lissafin da ya ci na Larabci ba abin da zai hana shi zuwa kanmu, kuma wannan labarin ban ga kun taɓa tsayawa a kai ba ku da ya fi shafa.

Wani abokina da muke gardamar nan ya ce kai ma dai da neman magana, mata ta ajiye aikin da ake biyanta fam dubu ɗaruruwa za ta samu wani gobe, kai kana nan kana jiran kuran ya dawo ka ƙarasa bidiyon amarya. Gaskiya ne na yi dariya. Amma na ce masa ka duba bambancin, can wanda ke sama ne ya sauka saboda aikin na ƙasa, nan kuwa na ƙasa ne ke shan wuya saboda ya yi aikinsa daidai. Ahmed Abba wakilin RFI Hausa a Marwa aka kama shi a ƙarshen Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara goma a Afrilun 2017, sai a Disamban shekarar ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Martinez Zogo na Amplitude FM a Yawunde gawarsa aka tsinta a Janairun 2023. Ni dai ban taɓa jin wani babban darakta a gidan labarai na gwamnati a yankinmu ya fito ya ce an yanke maganar ɗan adawa ba daidai ba a tashata saboda haka na sauka ba, in kai ka ji Malam Edita ka faɗa min. Kuma bayan zaɓenmu na 12 ga Oktoban 2025 ai mun ga abu a Garwa, waya ta cika da bidiyo, wani na gaskiya wani tsoho ne daga wata ƙasa an sa masa sabuwar murya, wani jawabi ne an gutsure rabinsa, kowane ɓangare da nasa, dattawa suna kawo min waya shago suna cewa yaro duba min wannan haka ne kuwa, wani in gane ɗinkin wani wallahi ni ma ya fi ƙarfina, ba edita ba sunan kowa ba wanda za ka kama.

Shi ya sa buƙatata gare ku ba ta da yawa. Ku gyara labarin nan, ku sa sunanta ku ce ajiye aiki ta yi, kuma gyaran ya zauna a inda ido zai gani ba ku shiga shafin ku canza kalma a ɓoye cikin dare kamar ba a yi ba, dan wasunmu mun riga mun ɗauki hoton allo mun tura gurup. Ku ware ɗan wuri na dindindin da za ku riƙa sa gyare-gyare da kwanan wata, ku kuma rubuta sunan editan da ke da alhakin kowane shafi a ƙasa dan mu san wa za mu rubuta wa. Bidiyoyin da kuke ɗorawa a Facebook na hirar ƴan siyasa da malamai, in kun tsallake wuri ku bar alama, in yaronku mai montaj bai san yadda ake sa farin hasken nan ba aikin sakan goma ne a nuna masa, sannan ku ajiye cikakkiyar hirar a gefe ga mai son ji. Na ƙarshe, ku nemi wakili a Garwa ko Marwa ko Njamena mana, Hausawa na nan jingim kuma labarinmu sai ya biya ta Paris ko Landan kafin ya iso shafinku, akwai yara masu digiri a jami'ar Marwa da Ngaundare da ke jin Hausa da Fulatanci da Faransanci suna zaune ba aiki. In kun buga wasiƙar nan kuma ta yi muku tsawo ku rage ba komai, amma ku sa ɗigo uku a inda kuka cire.

A gaida ma'aikata, na gode.

Naku,
mai karanta ku, wani mai montaj daga Garwa, Kamaru